Baƙo da Mai Masauki: Tarihin Sabon Ɗalibi Daga Arewacin Zamfara

Gabatarwa

Duk lokacin da aka buɗe jami'a, ba sai an nuna maka sabon ɗalibi ba. Za ka gan shi da fayil a hammata, yana waige-waige, yana tambayar inda ake biyan kuɗi da inda ake sa hannu, tsofaffin ɗalibai kuwa suna tsokanarsa da sunan Jambito. Ni ma na sha wannan suna. Ranar da na iso, magariba ta yi mini ban san inda zan kwana ba, sai wani ɗalibi ya ji na ce "mi" maimakon "me", ya juyo ya ce, "Ɗan'uwa, daga Zurmi kake ko daga Ƙaura?" A ɗakinsa na yi mako uku.

Wannan ne ya sa na ga ya kamata mu waiwayi tarihin sabon ɗalibi daga Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, mu ga wane ne ke tarbarsa a kowane zamani, don mu san abin da muka gada da abin da ke neman kuɓuce mana.

Kafin zuwan boko

Fita neman ilmi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Zamfara. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa ya yi wajen shekara biyar a wannan ƙasa yana wa'azi da karantarwa kafin jihadin 1804, ɗalibai suna biye da shi gari gari. Bayan haka al'adar tsangaya ta ci gaba. Idan an kawar da amfanin gona, malam ya kwashi almajiransa su nufi wani gari. A nan ma akwai hawa-hawa: ƙolo shi ne ƙarami, sai titibiri, sa'an nan gardi. Gardawa kan wahalar da ƙolo da aike da tsokana, amma su ne ke nuna masa inda zai kwana da yadda zai riƙe allo. A cikin gari kuma yakan sami uwar ɗaki mai ajiye masa tuwo.

Haka abin yake ga fatake. Wanda ya zo cin kasuwar Shinkafi daga nesa ba ya kwana a titi, yana da mai masauki wanda zai adana masa kaya, ya kuma tsaya masa idan rigima ta taso. Watau tun asali, a wurinmu baƙo yana da haƙƙi a kan wanda ya riga shi zuwa.

Zamanin jirgin ƙasa

A shekarar 1929 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau ta iso Ƙauran Namoda, a nan kuma ta tsaya. Don gyaɗa da auduga Turawa suka shimfiɗa ta, amma sai ta zama hanyar 'yan makaranta. A lokacin ƙasarmu tana cikin Lardin Sakkwato. Yaron da ya yi ƙoƙari a elementare sai ya wuce Midil ta Sakkwato, 'yan ƙalilan kuma su sami shiga Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, daga baya aka raɗa mata suna Barewa. Ɗan Zurmi ko ɗan Shinkafi da zai tafi Zariya sai ya fara sauka Ƙaura ya jira jirgi. Tun a tasha zai haɗu da na gaba da shi, kafin a kai Funtuwa an riga an gaya masa dokokin makaranta da halin kowane malami.

Zamanin jami'a

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a watan Oktoba na 1962. Jami'ar Sakkwato ta biyo baya a 1975, Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano kuma ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. A 1978 aka kafa hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga jami'a, daga sunanta ne aka samo Jambito.

Sabon ɗalibin wancan zamani ya tarar da rayuwar da bai taɓa gani ba. A Samaru za a ba shi gado a Suleiman ko Akenzua ko Danfodio, mace kuma a kai ta Amina. Yana da tikitin cin abinci sau uku a rana. Zai zauna aji ɗaya da Bayarabe da Ibo da Tibi, maza da mata. Ga Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa tun 1954, tana kiransa, ga ƙungiyar Hausa da 'yan wasan kwaikwayo, ga masu siyasar ɗalibai. Ko bakinsa ma abin magana ne. In ya ce "hwari" ko "wanga" ko "shina zuwa", Kanawa da Zazzagawa su yi ta dariya. Wasu suka ji kunya suka sake harshe, wasu suka tsaya a kan nasu.

Ba daɗi kaɗai aka sha ba. A watan Afrilu na 1978 ƙarin kuɗin abinci da na ɗaki ya jawo zanga-zangar da aka sani da sunan Kwamishinan Ilmi na lokacin, Kanar Ahmadu Ali, har aka rasa rayukan ɗalibai a Zariya. A 1984 gwamnati ta janye hannu daga ciyar da ɗalibai. Daga nan kowa ya koma ga risho da tukunya, ɗalibai suka ƙaru, gadaje suka kasa. A nan ne tsohuwar al'adar masauki ta sake nuna amfaninta. 'Yan gari ɗaya suka riƙa haɗa garin kwaki da shinkafa da man gyaɗa, wanda ya sami gado ya raɓa wanda bai samu ba, ƙungiyoyin ɗaliban jiha da na ƙaramar hukuma suka ƙara ƙarfi.

Ƙaura ta karɓi baƙi

A 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda. Garin da ya saba tura 'ya'yansa waje sai ga shi yana saukar da 'ya'yan wasu daga sassan Nijeriya, masu gidaje suna ba da hayar ɗakuna, masu abinci suna ciniki. An ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, aka kuma kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013, karatu ya matso kusa da gida.

Sai dai kusancin ya zo tare da rashin tsaro. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya da kasuwannin mako a jihar saboda 'yan bindiga. Ɗalibin da ke Zariya ko Kano ya yi makonni bai ji muryar mahaifiyarsa ba, uban da zai sayar da akuya ya aiko da kuɗi kuma ba shi da kasuwa. A Satumba na 2023 aka sace ɗalibai mata na Jami'ar Gusau daga gidajen haya a Sabon Gida. Saboda haka sabon ɗalibi daga wannan yanki yakan iso da damuwar da ta fi ta rajista.

Kammalawa

'Yan'uwa ɗalibai, tarihin nan ya nuna cewa daga ƙolo har zuwa Jambito, wanda ya riga zuwa shi ne gatan baƙo. Gwamnati ta ciyar ta daina, jirgi ya yi zamaninsa, amma mai masauki bai taɓa yankewa ba. To, kada ya yanke a hannunmu. Idan ka ga sabon ɗalibi yana waige-waige, ka yi tsokanarka, amma ka tambaye shi ko ya ci abinci.

Ku kuma sababbi, ku tuna mai masauki na ƙwarai ba ya kulle baƙonsa a ɗaki, kasuwa yake kai shi. Kada ku yi shekara huɗu ba ku san kowa ba sai 'yan garinku. Ku shiga ƙungiyoyi, ku yi abota da na nesa, ku kuma riƙe Zamfarcinku, don ba abin kunya ba ne. Baɗi war haka ku ne masu masauki. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, ya sa mu gama lafiya, amin.