Daga Sabo Zuwa Shasha: Tarihin Masauki, Haraji da Abin Samu a Gefen Ibadan

Kasuwar Shasha tana arewacin birnin Ibadan, gaba da Ojoo, a kan tsohuwar hanyar Oyo. Tana cikin Ƙaramar Hukumar Akinyele mai hedikwata a Moniya, wadda aka kafa a 1976. Ibadan da kewayenta ƙananan hukumomi 11 ne, biyar a cikin gari, shida a gefe inda gari ke haɗuwa da gonaki, kuma Akinyele tana cikin waɗannan shida. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum sama da 211,000. A Shasha ake sauke tumatir da attaruhu da tattasai da albasa da suka taso daga Arewa, daga nan su watsu zuwa kasuwannin ƙasar Yarabawa. Sauƙin zama ko tsadarsa a wannan wuri ya rataya ne a kan inda mutum zai kwana, da abin da zai samu a yini, da abin da za a karɓe masa da sunan haraji. Tushen duka ukun yana unguwar Sabo da ke Mokola, wadda ta girmi Shasha da shekara sittin da wani abu.

Kafuwar Sabo

Tun a ƙarni na 19 akwai Hausawa a Ibadan, suna zaune cikin gidajen Yarabawa a kusa da kasuwar Oja'ba. Jirgin ƙasa ne ya sauya yawansu da matsayinsu. Layin dogo daga Ikko ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, sai tafiyar da fatake ke yi wata da watanni ta koma ta 'yan kwanaki. Baƙi suka yawaita, aka fara gunaguni a kan masu shigowa da ba a san asalinsu ba. A 1916 hukumar garin da Turawan mulki suka ware wa Hausawa fili a Mokola, wanda a lokacin bayan gari ne, aka naɗa musu sarki da zai kula da wanda ya shigo da wanda ya fita. Fili a wurin ba shi da wata daraja a idon 'yan gari, saboda haka gina gida bai yi wuya ba ga wanda ke da ɗan jari.

Shanu da goro ne suka raya unguwar. Ƙudan tsando ba ya barin shanun Arewa su daɗe a Kurmi, don haka duk wanda ya kawo garke dole ya sayar da wuri kafin dabbobin su rame. Goro kuma, wanda a da sai an je Gwanja, ya bunƙasa a gonakin Yarabawa, musamman wajejen Shagamu, kuma shi ma kaya ne mai son kulawa da saurin kaiwa. Dukiya mai yawa ce ke tafiya tsakanin mutanen da ke nesa da juna, ba banki, ba inshora, ba rubutacciyar yarjejeniya. Abin da ya riƙe cinikin shi ne amana, ita kuma amanar a gidan fatoma take zaune.

Gida a matsayin jari

A wancan zamani fatoma, wato mai gida, a Sabo ba mai karɓar kuɗin haya ba ne kawai. Shi ke saukar da falke, ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillalansa. Mahautan Ibadan, waɗanda galibinsu Yarabawa ne, bashi suke ɗaukar shanu su biya bayan sun sayar da nama, kuma mai gida ne ke tsayawa: idan mahauci ya ci bashi, shi zai biya baƙonsa. Ribarsa tana cikin la'adar cinikin. Masanin zamantakewa Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar a 1962 da 1963, ya ƙirga mazaunanta sama da 4,000, ya kuma rubuta cewa ana sayar da shanu kimanin 75,000 a shekara a kasuwar shanun Ibadan. Ya lura cewa kaso babba na gidajen unguwar yana hannun 'yan tsirarun masu gida, domin yawan ɗakunan mutum shi ne yawan fataken da zai iya saukarwa.

Wannan tsari ya sa zama ya yi wa sabon zuwa arha. Yaron da ya sauka daga jirgi ba ko sisi yana iya samun wurin shimfiɗa a zauren wani mai gida, ya ci tuwon gidan, ya fara da dako ko ɗaurin huhun goro, a hankali ya zama yaron dillali. Matan aure a cikin kulle suna dafa abincin sayarwa, 'yan talla suna kaiwa, kuɗin yana juyawa a cikin unguwa. Sai dai arhar tana da farashinta. Wanda ke kwana a ɗakin mai gida ba ya iya saɓa masa, kuma wanda ya ɓata da shi ya rasa ɗaki da sana'a a rana ɗaya. Da aka sauya tsarin mulkin gargajiya na Jihar Yamma a 1952, siyasar jam'iyyu ta shigo, ikon sarkin unguwa ya yi rauni. A daidai lokacin ne yawancin mutanen Sabo suka shiga ɗariƙar Tijjaniyya suka tsayar da Juma'arsu a masallacin unguwa, abin da ya ƙara ɗaure amanar da cinikinsu ya dogara a kai.

Haraji a ƙauyukan Ibadan

Hausawa sun taso da sanin haraji da jangali tun kafin Turawa, amma a ƙasar Ibadan sai a 1918 aka fara karɓar harajin kai. Daga baya nauyinsa ya fi faɗa wa manoman ƙauyuka, waɗanda hukumar sayen amfanin gona ke saye wa koko a farashin da ta yanka. A lokacin yaƙin basasa aka ƙara haraji, ga kuɗin kasuwa da na tasha, ga farashin koko ya faɗi. A 1968 da 1969 manoma suka yi boren da ake kira Agbekoya, ƙarƙashin jagorori irin su Tafa Adeoye. Suka ƙi biya, suka kori masu karɓar haraji daga ƙauyuka, har suka fasa gidan yarin Agodi a watan Satumba na 1969. Sai da Obafemi Awolowo ya shiga tsakani, aka mayar da harajin fam 2 a shekara, sannan ƙura ta lafa. Boren ya bar darasi a karkarar Ibadan cewa karɓar kuɗi kai tsaye daga talaka abu ne mai haɗari ga hukuma. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya sa akasarin kuɗinsu yana zuwa daga asusun tarayya, abin da suke tarawa da kansu kuma ya fi fitowa daga kasuwa da tasha da mayanka.

Yadda Shasha ta taso

A shekarun 1970 abubuwa biyu suka haɗu. A Arewa noman rani ya bunƙasa bayan gina madatsar Tiga da buɗe filayen Kadawa da Kura, ga fadamun Zariya da Ɗanja, ga albasar Aliero da kwarin Sakkwato. A kan hanya kuma manyan motoci suka ƙwace jigilar kaya daga hannun jirgin ƙasa. Tsofaffin kasuwannin cikin Ibadan, masu ƙunci da cunkoso, ba su iya ɗaukar motocin kayan gwari. Wajen ƙarshen waɗannan shekaru cinikin ya koma Shasha, ƙauye a bakin hanyar da motar da ta biyo ta Jebba da Ilorin da Ogbomoso da Oyo ke shigowa gari. Shugaban al'ummar da aka fi sani shi ne Sarkin Shasha, Alhaji Haruna Maiyasin Katsina, wanda ya daɗe a kan sarautar har rasuwarsa a 2025. Cinikin hatsi ya zauna a kasuwar Bodija da aka buɗe a 1987, karar shanu kuma, bayan wani rikici da ya ɓarke a Bodija a 1999, aka mayar da ita garin Akinyele.

Abin da ya ja mutane Shasha shi ne abin da ya ja kakanninsu Sabo: fili mai arha a bayan gari. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin zama a kansu, amma a aikace iyalan Yarabawa masu gadon ƙasar ake saya wa fuloti. Wasu 'yan kasuwa suka saya suka gina. Mafi yawa suka kama haya a gidaje masu ɗakuna jere da banɗaki ɗaya, samari da yawa a ɗaki guda suna raba kuɗin. 'Yan cirani kan kwana a rumfa ko a harabar masallaci. Bambancin da ke tsakanin nan da Sabo yana da muhimmanci: a Shasha ana zaune ne a cakuɗe, mai gida Bayarabe, ɗan haya Bahaushe, ko akasin haka, kuma kuɗin haya ya zama babbar hanyar samu ga iyalan ƙauyen.

Abin samu da abin biya

Mota ɗaya ta tumatir tana ciyar da mutane masu yawa: direba da yaransa, dillali mai karɓar la'ada a kan kowane kwando, masu sauke kaya, 'yan dako da masu baro, matan Yarabawa masu sari su kai Oje da Dugbe da garuruwan kewaye, mai shayi da mai abinci. Akasarinsu a yini ake biyansu, don haka samunsu yana bin kaka. Daga kusan Janairu zuwa Afrilu kayan noman rani sun cika kasuwa, aiki ya yi yawa, farashi ya sauka. Da damina ta kama Arewa kaya sukan yanke, kwando ya yi tsada, ɗan dako ya wuni ba ɗauka. Tumatir ba ya jira. Tafiyar kusan kilomita 1,000 cikin kwandon kaba tana lalata wani kaso, kuma motar da ta lalace kwana biyu a hanya tana iya cinye jarin mutum. Tsutsar tumatir da ta afka wa gonakin Kano da Kaduna a 2016 ta nuna yadda annoba a Kadawa ke zama rashin kuɗin haya a Shasha. Adashi da bashin amana ne ke riƙe mutane a irin wannan lokaci.

A takarda harajin mutumin Shasha kaɗan ne. Kayan abinci ɗanye ba ya cikin harajin sayen kaya, wanda ya koma kashi 7.5 cikin 100 a 2020, kuma dokar haraji ta 2025 ta yafe wa wanda samunsa bai wuce naira 800,000 a shekara ba. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshi da karɓar kuɗin gidaje. Nauyin gaske yana cikin ƙananan kuɗaɗen da ake biya kullum: kuɗin rumfa, kuɗin sauke kaya, kuɗin shara, kuɗin ƙungiya, da rasit iri-iri da ake yanka wa mota a jihohin da ta ratsa. Dokar haraji ta 1998 ta hana kafa shinge a hanya don karɓar kuɗi, amma ƙorafin direbobi da 'yan kasuwa a kan shingaye bai taɓa yankewa ba. Duk abin da aka karɓa a hanya yana komawa kan farashin kwando, wato kan manomi da mai cefane.

Rikicin 2021 da bayansa

A ranar 11 ga Fabrairu 2021 sa-in-sa tsakanin wani ɗan dako da wata mai shago ta jawo faɗan da wani mai gyaran takalma ya rasa ransa a sanadinsa. Washegari rikici ya ɓarke, aka kashe mutane daga ɓangarorin biyu, aka ƙone rumfuna da gidaje da motoci, iyalai da yawa suka fake a gidan Sarkin Shasha ko suka koma Arewa. Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar ya sa dokar hana fita. Gwamnonin Kano da Kebbi da Neja da Zamfara suka zo jaje, aka sake buɗe kasuwar kafin ƙarshen watan. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu na kusan mako guda, tana neman diyya da janye shingayen karɓar kuɗi. Farashi ya hau a Ibadan da Ikko, tumatir ya ruɓe a Kano. Wasu 'yan kasuwa suka koma Iroko da Akinyele, can gaba a kan hanyar Oyo.

A watan Yuni na 2021 aka buɗe sabon layin dogo na Ikko zuwa Ibadan, tasharsa ta ƙarshe a Moniya. Tashar da shirin tashar sauke kaya ta tudu sun ɗaga darajar filayen Akinyele, kuɗin haya ya bi. Janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara kuɗin mota, hauhawar farashin abinci a ƙasar ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, Jihar Oyo ta sa nata 80,000, amma ɗan dako da mai talla ba sa cikin masu albashi.

Tarihin ya nuna cewa sauƙin zama a waɗannan unguwanni bai taɓa fitowa daga yawan samu ba. Ya fito ne daga arhar fili a gefen gari da tsarin mai gida da ke ɗaukar baƙo. Duk lokacin da birni ya cimma unguwa, arhar takan ƙare, mai ƙaramin ƙarfi ya matsa gaba: daga Oja'ba zuwa Mokola, daga cikin gari zuwa Shasha, yanzu zuwa Iroko da Akinyele. Abin da zai sa zama ya ɗore a Shasha shi ne takardar mallaka tabbatacciya ga wanda ya gina, haraji guda sananne mai rasit wanda ake ganin aikinsa a magudanar ruwa da hanya, da shugabancin kasuwa da Hausawa da Yarabawa suka yarda da shi tare.