3.2 Athletic Bilbao da Magoya Bayanta a Tsakanin Ƙungiyoyi Masu Hannu da Shuni

A wannan sashe za a dubi tarihin ƙungiyar Athletic ta birnin Bilbao a ƙasar Sifen, domin a ga abin da ya riƙe magoya bayanta duk da kasancewar tana gasa da Real Madrid da Barcelona, waɗanda suka fi ta dukiya nesa ba kusa ba.

An kafa ƙungiyar a shekarar 1898, lokacin da ma'aikatan Ingila da ke zuwa Bilbao saboda harkar ƙarfe da jiragen ruwa suka shigo da wasan ƙwallon ƙafa. Tun wajen 1912 ta ɗauki wata al'ada wadda ita ce ginshiƙin wannan bayani, wato ba ta sa ɗan wasa sai wanda aka haifa ko aka rena shi a ƙwallo a yankin Bask, yankin da ya ratsa arewacin Sifen da wani ɓangare na kudancin Faransa. Al'ada ce da ƙungiyar ta ɗora wa kanta, babu hukumar da ta tilasta mata. Duk da haka, tun da aka fara gasar La Liga a 1929 ba ta taɓa faɗawa rukuni na biyu ba, kuma Real Madrid da Barcelona ne kaɗai ke tarayya da ita a wannan matsayi.

Goyon bayan Athletic ya cuɗanya da siyasa. A 1941 gwamnatin Janar Franco ta hana sunayen baƙin harsuna, aka mayar da ita Atlético de Bilbao. A watan Disamba na 1976, shekara guda bayan mutuwar Franco, kyaftin ɗinta Iribar da takwaransa na Real Sociedad, Kortabarria, suka shiga fili riƙe da tutar Bask alhali tana haramce. Saboda haka mai goyon bayan ƙungiyar yana ganin kansa a matsayin mai kare sunan al'ummarsa.

Ƙungiyar ta ci gasar ƙasa sau 8, na ƙarshe a 1983 da 1984 a ƙarƙashin Javier Clemente. Daga nan ne tazarar kuɗi ta fara buɗewa. Hukuncin Bosman na 1995 ya ba ƙungiyoyin Turai damar ɗibar 'yan wasa daga ƙasashen Tarayyar Turai ba tare da iyaka ba, sa'annan har zuwa 2015 kowace ƙungiya ita ke sayar da haƙƙin nuna wasanninta a talabijin, abin da ya sa manyan biyun nan suke kwashe kaso mafi tsoka. Athletic kuwa ta dogara ga makarantarta ta Lezama da aka buɗe a 1971. A 2007 sai a ranar ƙarshe ta tsira daga faɗuwa, bayan ta ci Levante 2-0. A ganin mai wannan nazari, wannan shekara ta fi shekarun nasara bayyana halin magoya bayan, domin sun ga bakin rami amma ba a taɓa al'adar ba.

Wani abin lura shi ne yadda ƙa'idar ke juya ma'anar kuɗi. A 2018 Manchester City ta biya kusan yuro miliyan 65 ta ɗauki Laporte, Chelsea kuma ta biya miliyan 80 a kan mai tsaron gida Kepa. Wata ƙungiyar da sai ta garzaya kasuwa, amma kasuwar Athletic 'yar ƙarama ce, ga kuɗi a hannu, ga ƙarancin wanda za a saya. Haka kuma ma'anar "ɗan gida" ta faɗaɗa: Iñaki Williams, wanda iyayensa 'yan Gana ne, an haife shi a Bilbao a 1994, ya fito daga Lezama, kuma ya fara yi wa Gana wasa a 2022.

A watan Afrilu na 2024 Athletic ta doke Mallorca a bugun fanareti ta ɗauki Kofin Sarki, bayan shekara 40 rabonta da shi. Aka fito da tsohon kwale-kwalen da ake kira Gabarra, wanda rabon da a yi bikin nasara da shi tun 1984, ya ratsa kogin Nervión ɗauke da 'yan wasa, dubban ɗaruruwan jama'a na tsaye a gaɓa biyu, da yawansu ba a haife su ba lokacin fitowarsa ta baya.