Ƙarfen dafawa a matakalar ƙofar gida: yadda ake kafa shi a Zongon Accra

A Nima da Maamobi, musamman gidajen da ke bakin babbar kwata, da kuma Old Fadama da ke gefen kogin Odaw da tafkin Korle, masu gida sukan ɗaga dokin ƙofa don kada ruwa ya shiga ɗaki. Ambaliyar 3 ga Yuni 2015, wadda ta haɗu da gobarar gidan mai a Kwame Nkrumah Circle har mutum fiye da 150 suka rasu, ta nuna dalili. Sai dai ƙofar da aka ɗaga tana buƙatar matakala, matakala kuma da damina santsi gare ta. Tsoho mai zuwa sallar Asuba ko mace mai ciki na buƙatar abin da za su dafa.

Ƙarfin ƙarfen dafawa a gindinsa yake. Yawancin matakalun Accra da bulon yashi da siminti ake gina su, jan bulo bai yi yawa ba, kuma wasu masu buga bulo suna rage siminti. Irin wannan bulo ba ya riƙe noti mai buɗewa a cikin rami: ana ɗaure shi sai bulon ya tsage, balle idan ramin yana kusa da baki. Abin da ya fi aminci shi ne a haƙa rami a ƙasa gefen matakalar, zurfin santimita 40 zuwa 50, a tsayar da ƙarfen a zuba masa kankare, a bar shi mako guda kafin kowa ya jingina. A Old Fadama, inda ƙasar cike ce aka yi a kan fadama, ramin yana son ƙarin faɗi da zurfi. Idan dole sai a jikin matakalar, a huda tsakiyar bulo mara rami, ban da layin simintin da ya haɗa bulo biyu, a share ƙurar ramin sosai, sannan a dasa notin da gam ɗin da ake sayarwa don wannan aiki.

Tsawon da aka saba wajen santimita 90 ne daga bakin taki, kaurin kuma wanda hannu zai iya damƙewa.

Sai tsatsa. Iskar teku mai gishiri tana cin baƙin ƙarfe, ƙarfen da ya yi tsatsa kuma yana kumbura ya fasa simintin da ke riƙe da shi. Farin fayif irin na ruwa ya fi daɗewa. Mai walda ya toshe bakinsa na sama, a shafa fenti a wuraren walda, a gangarar da simintin gindin yadda ruwa ba zai kwanta ba.

Masallatai da makarantu kuwa, dokar naƙasassu ta Ghana ta 2006, mai lamba 715, ta wajabta wa masu wuraren da jama'a ke shiga su saukaƙa wa naƙasassu hanya, wa'adin shekara 10 da ta bai wa tsofaffin gine-gine kuma ya cika tun 2016.