Yadda Jarumin Anime Ya Rasa Tabbacin Gaskiyarsa

Yaran Japan da suka tashi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an koya musu a makaranta cewa yaƙin ƙasarsu mai tsarki ne. A 1945 aka sha kashi, Hiroshima da Nagasaki suka zama toka. Daga 1946 zuwa 1948 aka gurfanar da manyan ƙasar a kotun Tokiyo, aka rataye bakwai daga cikinsu. Waɗanda ake yi wa kirari jiya suka wayi gari masu laifi. A ganina, daga wannan tabo ne finafinan zanen Japan, wato anime, suka gaji rashin yarda da duk mai ƙarfin da ya ce shi ne adalci.

Mai zanen anime Osamu Tezuka ya tsira daga ruwan bama-bamai a Osaka yana matashi. Jaruminsa Atom, wanda ya hau talabijin a 1963, mutum-mutumi ne mai ƙarfin doki dubu ɗari, amma yana kare mutanen da sau da yawa ba su ɗauke shi a bakin komai ba.

Yoshiyuki Tomino ne ya ƙara zurfafa lamarin da shirinsa na Gundam a 1979. Kafin shi, abokin gaba yawanci dodo ne daga wata duniya, kashe shi ba ya hana barci. Tomino ya mai da shi soja mai iyali da hujjar kansa, ya ɗora makami a hannun yaro ɗan shekara 15, Amuro, wanda yaƙin ya jigata. Da farko shirin bai karɓu ba, har aka taƙaita shi zuwa kashi 43. Daga baya ne masu kallo suka gane darajarsa.

Shirin Death Note na 2006 ya shigo da tambayar ko mai ƙarfi shi ne adalci har ɗakin ɗalibi. Light Yagami, ɗan babban jami'in 'yan sanda, ya tsinci littafin da in ka rubuta sunan mutum, kana sane da fuskarsa, sai ya mutu. Ya fara da miyagu, jama'a da dama suka yi masa sambarka. Ba a jima ba ya koma kashe masu bincikensa, waɗanda ba su yi laifin komai ba.

Har gobe akwai matasan da ke kare Light. Ni kam ban ga hujjarsu ba. Mutumin da ya haɗa aikin ɗan sanda da na alƙali da na hauni a hannunsa, babu wanda zai ce masa don me, azzalumi ne tun daga sunan farko da ya rubuta.