La'ada Tsakanin Mai Hoto da Kulob ɗin Matasa: Nazari Daga Bagudo

Mai hoton da ke bin gasar ƙwallon matasa yana da abokan hulɗa biyu, kuma buƙatunsu sun sha bamban. Kulob ne ke ba shi izinin shiga fili da tara masa yara cikin jesi, iyaye kuma su ne ke biyan kuɗin hoton. Abin da ke haɗa su ukun shi ne kason da mai hoto ke ba kulob daga cinikinsa, wato la'ada, ko kamasho kamar yadda matasa suka fi faɗa. A Ingila da Amurka kulob kan karɓi wani kaso cikin ɗari na ciniki bisa rubutacciyar yarjejeniya. A ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi kuwa, daga Ka'oje da Zagga zuwa Illo da Lolo, magana ce ta fatar baki tsakanin mai hoto da koci.

Bahaushe ya daɗe da sanin la'ada. Abner Cohen ya nuna a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan yadda fataucin shanu da goro ya dogara ga masu masauki da dillalai masu cin la'ada. Sai dai a kara mai saye ya san akwai dillali, ya kuma san ko la'ada ciki ce ko waje. A filin ƙwallo uban yaro ba ya wurin da aka yanke magana. A fiƙihun Malikiyya sharaɗi ne lada ya zama sananne a ijara, kuma a ganina wannan ma'aunin ya isa a auna lamarin da shi.

Dole a rarrabe hoto iri biyu. Akwai na dole, wato hoton fasfo da ake mannawa a lasisin ɗan wasa ko takardar rajistar gasa, akwai kuma na ganin dama, kamar hoton tawaga ko na ɗaga kofi. A ƙaddara mai hoto na karɓar naira 1,000 a kan kowane yaro, koci ya ce a mayar da shi 1,300 a ba shi 300. Idan hoton na ganin dama ne, mai hali ya saya, marar hali ya haƙura. Idan na lasisi ne, wannan 300 ta zama haraji a kan yaron da ba zai buga wasa ba sai ya biya, kuma ɗan talaka ne zai fara zama a benci. Don haka la'ada ba ta da gurbi a hoton dole. A hoton ganin dama tana da hujja, muddin ta shiga asusun kulob aka sayi ƙwallo ko aka biya kuɗin mota, aka kuma sanar da iyaye.

Yadda ake lissafa kason ma abin dubawa ne. Kuɗin ƙasa da ake biya kafin a shiga fili yana ɗora asara duka a kan mai hoto, ga shi wayar hannu ta rage masa ciniki: da zarar hoto ɗaya ya faɗa zauren WhatsApp, tawaga duka ta samu kyauta. Kaso daga abin da aka sayar a zahiri ya fi adalci, domin yana sa kulob ya taya shi tsare hotunan har a biya.

Zaman Bagudo a bakin iyaka ya ƙara wata sarƙaƙiya. Ta Tsamiya ake fita Segbana, ta Lolo kuma a nufi Malanbil, dukkansu a ƙetaren iyaka, kuma naira da sefa duk suna yawo a hannun mutane. Sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, naira kuwa an sake ta tana yawo tun watan Yunin 2023. Alkawarin da aka ƙulla da baki a farkon gasa ba tare da an ambaci kuɗin da za a biya da shi ba zai iya zama rigima ranar wasan ƙarshe. Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya kuma nuna cewa zirga-zirga na iya tsayawa dare ɗaya, don haka ya kamata a faɗi makomar kafin alƙalami idan wasa ya rushe.

Akwai abin da ya fi kuɗi nauyi. Hoton yaro da bidiyonsa su ne hajar masu farautar 'yan wasa, a Najeriya, ƙasar da ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar. Sashe na 19 na dokar FIFA kan sauya kulob ya hana kai ɗan ƙasa da shekara 18 kulob na wata ƙasa, amma ya yi togiya ga wanda gidansa da kulob ɗin duk ba su wuce kilomita 50 daga iyaka ba, togiyar da ta shafi yaran Illo da Lolo kai tsaye. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 kuma ta wajabta neman yardar iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro. La'adar da aka ba koci ba ta sayi wannan yardar ba.

Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Jihar Kebbi da masu shirya gasa a Bagudo na iya fitar da takarda mai shafi ɗaya, da Hausa, ga waɗanda ke ƙetare kuma da Faransanci, wadda ta ƙunshi farashi, kason kulob, kuɗin da za a biya da shi, da wurin sa hannun uba ko uwa, a karanta ta a gaban iyaye kafin a buga wasan farko.