Kwana Arba'in na Ruwan Zafi: Jego Jiya da Yau

Idan mace ta sauka lafiya a ƙasar Hausa, "barka da arziki" ta kwana biyu ce. Daga nan duk wadda ta yi sallama ta shigo ɗaki, abin da za ta tambaya shi ne, "Maijego, yaya ruwan zafi?" Kuma da dalili. Tun kafin kiran assalatu an riga an ɗora ƙatuwar tukunya a murhu, ko rabin duro a 'yan shekarun nan. Ruwa ya tafasa da ganye a ciki, a juye shi a kwatarniya, maijego ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno a makewayi, wata dattijuwa ta kama damin ganyen tana tsomawa tana fyaɗa mata a ciki da baya da cinyoyi har ruwan ya ƙare. Da yamma a sake. Haka za a yi ta yi har kwana arba'in, mai haihuwar fari kuwa takan zarce, wata har wata uku ko huɗu.

Itacen wankan yana wuyan miji. Tun ciki bai tsufa ba magidanci yake fara tara shi a gindin danga, kuma maƙwabta kan auna hankalinsa da girman tsibin.

Tushen al'adar tsoron sanyi ne. A ganin magabata, haihuwa takan bar jikin mace ɗanye kuma a buɗe, idan ba a gasa shi ba sanyi ya shige ta, ta kumbura, ta lalace, wataƙila ma ta tafi. L. Lewis Wall, Ba'amurken da ya zauna a wani ƙauye kusa da Malumfashi a shekarun 1970, ya kuma wallafa littafi kan magungunan Hausawa a 1988, ya nuna yadda sanyi ke cikin manyan abubuwan da Bahaushe ke ɗora wa alhakin ciwo. Wanda ya gane wannan ya gane sauran tsarin jego gaba ɗaya. Shi ya sa ake hura gawayi a ƙarƙashin gadon ƙasa maijego ta kwanta a kai ko da ana tsakiyar bazara. Shi ya sa abincinta ba ya rabuwa da yaji: citta, masoro, kimba, kanumfari da barkono, a daka da daddawa a cika kwalla. Kafin suna a yi ƙauri, a dafa ƙafafun sa su yi luguf, ta sha romo, a aika wa dangi da maƙwabta. Sannan ga kunun kanwa safe da rana, wanda aka ce yana wanke ciki yana kuma kawo ruwan nono.

Ita kanwar doguwar tafiya take yi kafin ta iso ƙoƙon maijego. Daga ƙasar Manga da ke gabashin Nijar ta yau da kuma gaɓar Tafkin Cadi fatake suka riƙa ɗauko ta a kan jakuna da raƙuma zuwa kasuwannin Kano da Katsina da Zariya, kuma wadda ake kira ungurnu ce ake ji da ita. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya rubuta littafi guda a 1986 kan wannan fatauci na gishiri da kanwa. Ganyen wankan ma yana da nasa labari. Yau darbejiya ce ta kama gaba, har wasu na ɗaukar cewa da ita aka fara tun kaka da kakanni, alhali bishiyar baƙuwa ce daga Indiya, sai wajen 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno. Kafin ita, su runhu da sabara ake yankowa a daji. Ashe al'adar ta saba karɓar sabon abu idan ta ga amfaninsa.

Mafi daɗewar bayanin da ake da shi daga bakin mace Bahaushiya kan waɗannan al'amura shi ne na Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877. Ta ba wa wata mai bincike, Mary Smith, labarin rayuwarta a tsakanin 1949 da 1950, littafin ya fito a 1954, bayan rasuwarta. Allah bai ba Baba haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi, ta ga haihuwa iri-iri, ta kuma bayyana wanka da suna da kunyar ɗan fari dalla-dalla. Abin da mai karatu zai fi lura da shi a labarinta shi ne yawan hannaye. Jariri ba na uwarsa kaɗai ba ne. Yarinya mai haihuwar fari ma ba a sa ran ta iya komai, sau da yawa gidan iyayenta take komawa goyon ciki ko wanka, ga kunya ta hana ta ko kallon ɗan a gaban mutane, sai kaka ko gwaggo ta matsa mata kafin ta ba shi mama.

A cikin waɗannan hannaye, na ungozoma ne na farko. Yawanci tsohuwa ce da ta daina haihuwa, kuma a al'adance ba ita ke karɓar haihuwa ba, domin jarumtar mace ita ce ta yi naƙuda shiru ta haihu ita kaɗai a durƙushe. Sai ɗa ya faɗo ake aikawa a kira ta. Ta yanke cibiya, ta wanke jariri tas, ta binne mabiyiya a bayan ɗaki, ta ci gaba da zuwa safe da yamma har suna, ranar da za ta karɓi kasonta na nama da hatsi da 'yan kuɗi. Aikin da ya fi cin lokacinta gashin cibiya ne: a ɗumama tsumma ko katangar tukunya a wuta, a riƙa dannawa a hankali har cibiyar ta bushe ta faɗi.

Na biyu wanzami. Shi ke zuwa da zabirarsa ya cire beli, ya yi askin suna, ya yi tsagar gado idan gidan masu tsaga ne, a wasu wurare kuma ya taɓa 'ya mace da sunan cire angurya.

Sunan kansa daga addini ya zo, kuma lissafinsa na Malikiyya ne. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiran ƙasar nan suka daɗe suna karantawa, ta ce ana yanka dabbar suna a rana ta bakwai, ba a kuma lissafa ranar haihuwar a ciki. Dalilin ke nan da ya sa wanda aka haifa ran Talata da hantsi sai wata Talatar ake raɗa masa suna. Amma arba'in ɗin wanka ba daga can ta fito ba, domin a wannan mazhaba iyakar jinin biƙi kwana 60 ne, kuma babu inda aka ce sai da tafasasshen ruwa. Malamai da yawa sun sha faɗin haka, tsofaffi kuma sun sha yin kamar ba su ji ba.

Wanda ya fara girgiza al'adar da gaske asibiti ne. Daga ƙarshen shekarun 1960, likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura ana yawan kawo musu masu jego da kumburin ƙafafu da fuska, da haki, da tari, wasu ko kwanciya ba sa iya yi sai a zaune. Zuciya ce ta gaza. Neil Davidson da Eldryd Parry suka bi diddigin mata 224, suka wallafa sakamakon a 1978. Sun ƙiyasta cewa ciwon na kama kusan mace 1 cikin 100 a tsakanin Hausawan yankin da suka haihu, adadin da ba a san irinsa ba a duniya, kuma ya fi tsananta a wajen watan Yuli, lokacin da zafi ya haɗu da laimar damina. Suka ɗora zargin a kan abu biyu: kanwa, wadda ke cike da gishirin sodiyam mai tara ruwa a jiki, da kuma zafin wanka da na gado da ke ƙara wa zuciya aiki. Abin takaici a nan shi ne, kumburin da tsofaffi ke gani su ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta a ƙara kanwa, shi ne alamar ciwon.

Shekara da shekaru wannan bayani ne ake koyarwa a makarantun likitanci. Sai dai labarin bai tsaya nan ba. A Yamai, likita Arnaud Cénac da abokan aikinsa sun ba da rahoto a 1992 cewa matan da ke da ciwon suna da ƙarancin sinadarin seleniyom a jini. A Sakkwato, wani bincike na 2007 ya sami mace 1 cikin 102. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranci wani babban bincike a asibitoci 22 na Najeriya, da majinyata 406, wanda ya fito a 2020. Ya tabbatar da cewa Arewa maso Yamma ce cibiyar ciwon, amma bai sami alaƙa ta kai tsaye tsakaninsa da wankan jego ko kunun kanwa ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, rashin karatu, rashin sana'a da hawan jinin masu ciki. Wato talauci ya fi tukunyar ruwan zafi laifi. Wannan bai wanke kanwa ba ga mai hawan jini, bai kuma hana tafasasshen ruwa ƙona fata ba, amma ya kamata ya rage wa masu ɗora wa kakanni kowace masifa kaifin baki.

Ta ɓangaren jariri kuwa hukuncin ya fi fitowa sarari, kuma ba duka ya yi wa al'ada daɗi ba. Reza ko askar da ba a dafa ba, da tsumma mai dauɗa a kan ɗanyar cibiya, su ne ƙofar cutar sarƙe-haƙora, wadda kan bayyana daidai wajen kwanakin suna: yaro ya ƙi kama mama, ya sandare, a ce iska ce ko mayu. Allurar rigakafin da ake yi wa masu ciki a wurin awo ta rage wannan ƙwarai. A 2013 jihar Sakkwato ta zama ta farko a Najeriya da ta raba man kuloheksidin gida-gida domin shafa wa cibiya, a 2016 kuma gwamnatin tarayya ta fitar da tsarin yaɗa shi a ƙasa baki ɗaya. Shi kaɗai ake so a shafa, ban da man goge baki, ban da man zafi, ban da toka. An yi dabara a Sakkwato da aka bi ta hannun matan unguwa, domin binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 16 cikin 100 kacal na haihuwa a Arewa maso Yamma ake yi a asibiti. Duk gyaran da ya tsallake ungozoma, to bai shiga ɗaki ba.

Dakashi ma ya sha zalunci. Wannan ruwan nono na farko, mai kauri da launin rawaya, a gidaje da dama matse shi ake yi a zubar, a ce bai da kyau, a riƙa ba jariri ruwa ko nonon akuya har kwana biyu ko uku. Wasu har gwaji suke yi, a tatsa a ƙoƙo a jefa tururuwa, idan ta mutu a ce nonon mugu ne. Yau an san dakashi ne rigakafin farko da yaro ke samu, shi ya sa ake so a sa shi a mama cikin sa'ar farko, a kuma bar shi da nono zalla, ba ko ruwa, har wata 6. Binciken 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Najeriya ke samun haka. Zuma, duk da darajarta, likitoci sun ce a dakata da ita sai yaro ya shekara. Wankan farko da ungozoma ke gaggawar yi don kada yaro ya tashi da ƙarni, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta shi sa'a 24, a goge shi kawai a kwantar a ƙirjin uwa a lulluɓe. A nan likita da kaka sun haɗu ba su sani ba, dukansu sanyi suke gudu.

Sauran ƙananan abubuwa ne da ido ya saba da su. Kwallin da ake rambaɗa wa jariri, na dutse, yakan ƙunshi dalma: a 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da gubar ta shiga jininsa, aka auna kwallin aka sami fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Bayan ɓarnar da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, ba sai an yi wa kowa dogon bayani kan wannan guba ba. Kafur da ake zubawa a akwatin kayan jariri yana iya tayar da shawara mai tsanani ga wasu yara. Beli kuwa ba ciwo ba ne, halitta ce, cire shi jini da ƙwayar cuta kawai yake jawowa, kaciyar mata kuma dokar Nijar ta 2003 da ta Najeriya ta 2015 duk sun haramta ta.

Abin da birni ke zubarwa yanzu, sai ya zama ɓangaren da ya fi kowanne amfani. Itace ya yi tsada, an koma hita da bokiti, wannan ba asara ba ce. Asarar ita ce hutun. A da, kwana arba'in maijego ba ta daka, ba ta girki, ba ta ɗiban ruwa, ba ta kwana ita kaɗai da jariri mai kuka. Yau ga yarinya a gidan haya, miji ya fita tun safe, uwarta na wani gari, kwana goma da haihuwa tana tsugune tana wanki. Tsohuwar da za ta kalli yaro ta ce "wannan numfashin bai yi mini ba" babu ita. Magidancin da ba a ɗora masa tara itace ba, sai ya san cewa nauyin bai sauka ba, ya koma nemo wadda za ta zauna da iyalinsa, da kawo abinci mai gina jiki, da tanadin kuɗin mota na tsakar dare.

Kuma alamun da tsohuwar ke dubawa ba ɓoyayyu ba ne. Jaririn da ya ƙi kama mama, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko yake numfashi da sauri haƙarƙari na shigewa, ko ya yi jijjiga, ko idonsa da tafin ƙafarsa suka yi rawaya, ko cibiyarsa ta yi ja tana wari, asibiti ake kai shi a ranar, ba a jira a ga suna. Haka maijegon da ke haki, ko kumburi, ko zubar jini mai yawa, ko ciwon kai mai tsanani. Allurar BCG da ta ciwon hanta da ɗigon shan inna tun a kwanakin farko ake yin su, zagaye na gaba kuma a mako na 6 yake, wato kwana biyu bayan cikar arba'in. Mai shirin yawon arba'in ta sa asibiti a farkon gidajen da za ta shiga, ta kuma riƙo katin yaron.