Tarihin Mujallar Complexity da Ma'aunin Ambato

Asalin ilmin nan da ake kira ilmin sarƙaƙiya tsoho ne, amma wanda ya fara shata masa iyaka sosai shi ne Warren Weaver, wani masanin lissafi na Amurka, cikin shekarar 1948. Ya nuna akwai al'amura irin su jikin mai rai, da kasuwa, da zaman jama'a, waɗanda gaɓoɓinsu suke da yawa, kuma kowace gaɓa tana ɗamfare da 'yar'uwarta, har ba a gane su in an rarraba su. Cikin 1984 waɗansu shaihunan malamai suka kafa Cibiyar Santa Fe a jihar New Mexico don nazarin wannan fanni. Sa'an nan cikin 1995 kamfanin Wiley ya fara buga mujallar Complexity, Harold Morowitz yana editanta na fari. A fitowarta ta farko kuwa har Murray Gell-Mann, wanda ya sami lambar Nobel, ya yi rubutu.

To, kafin a haifi mujallar an riga an ƙera ma'aunin da za a auna ta da shi. Eugene Garfield ne ya kawo shawara cikin 1955 a riƙa ƙirga yawan ambaton da malamai suke yi wa rubutun juna. Daga nan aka sami ma'aunin tasiri, watau a ƙirga ambaton da aka yi cikin shekara guda ga maƙalun shekaru biyu da suka gabata, a raba da yawan maƙalun. Wannan ma'auni bai dace da ilmin sarƙaƙiya ba, domin masu karanta shi a warwatse suke cikin fannoni dabam dabam, kuma maganarsu takan daɗe kafin ta nuna. Maƙalar Weaver ma sai bayan shekaru masu yawa aka san darajarta sosai.

Cikin 2017 aka miƙa aikin buga mujallar ga kamfanin Hindawi, wanda aka kafa a Alƙahira cikin 1997. Tsarinsa shi ne marubuci ya biya, mai karatu ya karanta kyauta. Nan da nan maƙalu suka ninka sau da yawa, galibi ta hanyar fitowa ta musamman wadda editocin aro suke shiryawa. Cikin 2021 Wiley ya saye Hindawi a kan dala miliyan 298. Ba a jima ba aka gano cewa masu sayar da maƙalun jabu sun kutsa ta wannan kafa, suna kuma cusa ambato na bogi. Cikin 2023 aka janye maƙalu fiye da 8,000 daga mujallun Hindawi, a ƙarshen shekarar kuma Wiley ya ba da sanarwar zai ajiye sunan Hindawi ɗungum.

Abin lura a nan shi ne, ƙirga ambato an ƙago shi ne don a bi sawun ilmi, a san wanda ya ɗauka daga wani. Amma da jami'o'i suka mai da shi mizanin ƙarin girma, sai ya zama haja, kowa yana nema ta kowace hanya. Saboda haka wajibi ne ga malamin da aka ɗora wa nauyin auna aikin ɗan'uwansa ya zauna ya karanta aikin da kansa, kada ya dogara ga adadi kawai, gama yawan ƙaiƙayi ba ya cika rumbu da tsaba.